Tsai Da Lokaci A Fim: Siddabaru Ne Ko Lissafi?

 

Ranar Talatar da ta gabata, bayan sallar La'asar, ina zaune a ƙofar gida nan Muciya sai ga ɗan ƙanwata ya iso a kan babur, fuskarsa ba annuri. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu, jarinsa kuwa kyamara ɗaya ce da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a hannun wani ɗalibi a Samaru. Muka gaisa, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi abin da ya raba ni da aiki."

Ɗan gajeren bidiyo ne na wani biki. Ango da amarya suna tsakiyar fili, dangi na ta liƙi, sai kwatsam komai ya tsaya cak. Takardun kuɗi suka maƙale a iska, gefen mayafin amarya ya tashi bai sauko ba, wata yarinya ta daka tsalle ta tsaya a sama kamar an rataye ta. Amma kyamara ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da ratsa mutane, ta zagayo ta bayan ango, ta leƙa fuskar amarya, sannan aka saki kowa ya ci gaba da rawarsa. Wata hajiya ce ta nuna masa, ta ce irin wannan take so a bikin 'yarta. Ya ce mata ba shi da kayan yin sa, ta ɗauko wani daga Kaduna. Shi kuma haushi ya sa ya kwashe ribar wata biyu ya tura wa wani mutum da ya gani a intanet, wai zai sayar masa da manhajar da ke yin haka da dannawa ɗaya. Tun da kuɗin suka shiga, layin mutumin yake a kashe.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ke zaune tare da mu ya karɓi wayar, ya kalla sau biyu, ya mayar, ya ce, "Malam, wannan ai siddabaru ne. Mu da muka ga 'yan tauri da masu rufa-ido a kasuwa, ba a zo mana da sabon abu ba." Na ce, "Baba, ka kusa gaskiya, sai dai wannan siddabarun babu laya a cikinsa, lissafi ne." Tun daga ranar abin yake mini yawo a rai. Yaron ya yi asara biyu, ta aiki da ta kuɗi, kuma duk rashin sani ne ya jawo su, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu. Saboda haka yau zan ajiye siyasa a gefe, mu duba yadda ake tsai da lokaci a fim, da abin da mu mutanen Zariya za mu iya yi da wannan dabara.

Sai mu faro daga tushe. Hoton fim ba ya motsi. Jerin hotuna ne tsayayyu da ake nuna wa ido ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, guda 24 a kowace daƙiƙa a silima, guda 25 a talabijin irin namu. Ido ne ke haɗa su ya ga tafiya, kamar yadda 'yan makaranta ke zana ɗan mutum a gefen shafukan littafi, su saki shafukan da babban yatsa, sai ga mutumin yana gudu. A fim na yau da kullum, kyamara ɗaya ce a wuri ɗaya take ɗaukar lokuta masu bin juna. Mai son tsai da lokaci juya wannan tsari yake yi. Yakan jera kyamarori masu yawa a wurare daban-daban, su ɗauki hoto a ƙiftawa ɗaya, sannan ya jera hotunan daga na kyamarar farko zuwa na ta ƙarshe. Da yake duk hotunan na lokaci ɗaya ne, babu abin da zai motsa a cikinsu. Da yake kuma kowanne daga kusurwarsa aka ɗauke shi, mai kallo zai ga kamar shi ne ke zagayawa.

Ka ɗauka a filin dambe kake, mutum hamsin sun kewaye 'yan dambe biyu. Daidai lokacin da naushi ya sauka a muƙamuƙi, kowa ya rufe ido ya riƙe abin da ya gani. Sai kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana aron idon kowa. Za ka ga naushin nan ta gaba, ta gefe, ta baya, alhali ɗan damben bai kai ƙasa ba. Wannan shi ne asirin baki ɗaya, duk sauran bayani ƙari ne a kansa.

Abin sha'awa, doki ne ya haifar da wannan ilimi. A Kalifoniya ta Amurka an yi wani attajiri mai suna Leland Stanford, tsohon gwamnan jihar, mai harkar jiragen ƙasa kuma ma'abocin dawaki. A zamaninsa ana gardama a kan ko akwai lokacin da doki mai sukuwa ke ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya, don idon mutum ba ya iya kama abin. Ya ɗauki wani mai hoto ɗan asalin Ingila, Eadweard Muybridge, ya ɗora masa aikin. A watan Yunin 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, aka shirya su yadda wucewar dokin ne da kansa ke tayar da kowace kyamara idan ya iso gabanta. Hotunan suka raba gardama. Doki yana barin ƙasa, kuma yana barinta ne lokacin da ya tattara ƙafafunsa a ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna zana shi da ƙafafu a miƙe gaba da baya. Wannan ya faru shekaru 17 kafin 'yan uwan nan biyu, wato Lumière, su nuna fim ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a birnin Faris a 1895.

Kyamarorin Muybridge bi da bi suke tashi, don shi motsi yake son ya rarraba. Wanda ya shahara da tayar da su lokaci guda ya kewaye abu da su, ɗalibi ne. A farkon shekarun 1980, Tim Macmillan yana karatun zane a kwalejin fasaha ta Bath a Ingila, sai ya ƙera wani zobe da ya jera ƙananan akwatunan ɗaukar hoto a jikinsa, irin waɗanda ko gilashi ba su da shi sai 'yar huda kamar ta allura, ya shimfiɗa zaren fim guda ya bi ta bayansu duka. Da haske ya shiga hudojin a tare, kowane gurbi na zaren ya kama abu ɗaya ta kusurwa dabam. Ina roƙon ɗalibanmu na Samaru da Kongo su riƙe wannan labari, don za mu dawo kansa.

Duniya ba ta farga da dabarar sosai ba sai a 1999, da fitowar fim ɗin The Matrix. Duk wanda ya yi zamanin gidajen kallo na biyan naira biyar ya tuna inda jarumin fim ɗin, Keanu Reeves, ya gantsare baya a saman bene harsasai na wuce shi a hankali, kyamara na zagaya shi. Turawa har suna suka raɗa wa salon, mai ma'anar lokacin harsashi. Ga yadda aka yi shi. John Gaeta da abokan aikinsa sun fara zana tafiyar kyamarar a kwamfuta, sannan suka kafa kyamarorin hoto kimanin 120 a kan wannan layi, da kyamarorin fim guda 2 a bakin farko da na ƙarshe. An ɓoye su a bayan koren bango, idanunsu kaɗai ke leƙowa. Jarumin kuwa igiyoyi ne ke riƙe da shi. Ba a tayar da kyamarorin a tare ba, an sa ɗan tsaiko ƙanƙani tsakanin kowace da mai bi mata, shi ya sa jikinsa yake motsi kaɗan-kaɗan maimakon ya daskare. Daga baya kwamfuta ta cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto, aka goge koren bangon da igiyoyin, aka sa gine-ginen birnin Sidni na Ostareliya a baya, aka zana harsasan. Wannan aiki ya ci lambar Oscar a 2000.

Daga nan sai kowa ya ara. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Main Hoon Na na 2004, inda Shah Rukh Khan ya yi irin wannan gantsarewa don ya kauce wa yawun wani malami mai feshi idan yana magana. Masu zuwa gidan ƙwallo kuma sun sha ganin yadda a wasu wasannin gasar Sifaniya ake tsai da ɗan wasa ƙafarsa a kan ƙwallo, a juya filin duka a nuna shi ta wani ɓangare. Kyamarori fiye da 30 ne aka kafa kewaye da filin, kwamfuta ke haɗa abin da suka gani.

To amma ba kowa ke da kyamara 120 ba, saboda haka masu sana'a suka samo hanyoyi masu sauƙi. Ta farko ita ce mutane su daskare da kansu. Kowa ya tsaya yadda yake, ya riƙe numfashi, mai kyamara ya ratsa su da sauri ba tare da girgiza ba. Abin da ake so a gani a iska sai a rataye shi da siririn zaren roba, mayafi a tokare shi da waya, wanda ya yi tsalle a ɗora shi a kan kujera, sannan a goge zaren da kujerar wajen tacewa. A ƙarshen 2016 wannan ya zama wasan yayi a intanet, bayan wasu 'yan makarantar sakandare a Jacksonville ta jihar Fulorida sun fara shi. Ta biyu ita ce kyamara mai saurin ɗauka. Idan ta ɗauki hoto 240 a daƙiƙa aka nuna su 24 a daƙiƙa, abin da ya faru cikin daƙiƙa 1 zai ci daƙiƙa 10. Wannan ne aikin ɗan dandamalin nan da ake hayarsa a bukukuwa yanzu, wanda mutum ke hawa sanda mai ɗauke da waya na kewaya shi. Lokaci bai tsaya a nan ba, tafiyar hawainiya yake yi. Ta uku ita ce ta wannan zamani, inda manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke ɗaukar hoto ɗaya su yi hasashen yadda bayan mutum da gefensa za su kasance. Sai a lura, abin da kyamara ba ta gani ba, manhaja ƙaga shi take yi, shi ya sa za ka ga aikin hular ango ya sauya ko yatsun amarya sun ƙaru.

Da na gama yi wa ɗan ƙanwata wannan bayani, na ce mu sake kallon bidiyon, amma ya bar kallon ango da amarya, ya dubi gefe. A kallo na uku shi da kansa ya yi ihu. Can baya wata tsohuwa ta ƙifta ido, fankar sama kuma tana ta juyawarta hankali kwance. Ashe hanya ta farko aka bi. Aikin da ya ce ba shi da kayan yin sa, kyamarar da ke rataye a wuyansa ta ishe shi, sai zare da kujera da dare biyu a gaban kwamfuta. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ashe da hannuna na kori abincina."

A nan ne damuwata take. Samarinmu masu wannan sana'a suna da yawa, daga Muciya zuwa PZ, daga Kwangila zuwa Samaru, kuma suna da ƙoƙari da ido mai kyau. Sai dai yawancinsu dannawa suka koya, ba a koya musu dalilin dannawar ba. Wanda bai san cewa fim jerin hotuna ba ne, duk abin da ya gani sabo zai ɗauka wata na'ura ce da ba shi da kuɗin sayenta, daga nan kuma ya zama abincin 'yan damfara. Haka abin yake a wajen masu kallo. Mun tashi da karin maganar gani ya kori ji, amma a zamanin da ake iya goge kujera a ƙarƙashin yarinya, ana iya goge mutum daga taro ko a sa shi inda bai je ba. Wanda ya san yadda ake ɗinkin, shi ne kaɗai ke iya neman bakin zaren idan an turo masa bidiyo a WhatsApp ana so ya tayar da hankalinsa.

Finafinanmu na Hausa ma, tun daga Turmin Danya na 1990, an fi amfani da dabarun kyamara wajen ɓacewar aljani da tartsatsin boka. Ban ga laifin masu shiryawa ba, kowa da gwargwadon aljihunsa yake ɗinki. Amma muna da abin da ya cancanci a tsai da lokaci dominsa, kuma a ƙofar gidanmu yake. Ina nufin jahi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Fadar Zazzau ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe ya san wannan ƙiftawar, lokacin da mahaya suka taho a sukwane, suka ja linzami a gaban Sarki, dawaki suka turje, hannuwa suka tashi da jinjina, ƙura ta turnuƙe. Kafin ka ce me, ta wuce. Bidiyon da muke samu duk shekara daga gefe ɗaya ne, rabinsa ƙura, rabinsa ƙeyar 'yan kallo. Ka yi tunanin a riƙe wannan ƙiftawar, a zagaya da mai kallo ya ga jalala da likkafa, ya ga bakin alkyabba a iska, ya ga yadda mahayi ya dasa ƙafa da yadda doki ya tattara ƙarfinsa a ƙafafun baya. Irin wannan hoto zai amfani mai nazarin al'ada da likitan dabbobi da mai koyon hawa, ba masu sha'awa kaɗai ba.

Kada a ce mafarki nake yi, ga lissafin. Wayoyi 50 za su ba da hoto 50, wato daƙiƙa 2 ke nan a kan 25 a daƙiƙa, kuma kwamfuta na iya cike tsakani ta mayar da su 4. Idan aka jera su a rabin da'ira mai nisan mita 5 daga tsakiya, tsawon layin zai kusa mita 16, tsakanin waya da waya kimanin santimita 32. Wahalar tana wajen haɗa lokaci. Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa. Idan ɗalibi ɗaya ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, dokin ya riga ya matsa fiye da mita guda, hoton zai yi tsalle. Saboda haka ba da yatsa za a danna ba. Kowace waya ta riƙa ɗaukar bidiyo mai saurin 240 tun kafin doki ya taso, a haska fitila sau ɗaya yadda duk za su gani, daga wannan haske a ƙirga a zaɓo hoto guda a kowace waya. A wannan sauri, tsakanin hoto da hoto dokin bai wuce santimita 5 ba. Sauran sharuɗɗan su ne wayoyin su zama iri ɗaya, a kulle haskensu da launinsu kada kowace ta yi gaban kanta, a ɗaure su a kan katako mai tsayi ɗaya, a kafa sanda a tsakiya kowace ta saita idonta a kanta kafin a cire. A yi aikin da hantsi, lokacin da rana ta wadata. Ba kuma a ranar Sallah za a fara ba, don ba a fafe gora ranar tafiya, ran ɗalibi kuma ya fi kowane hoto. A gwada da yaro mai tsallen igiya, a koma kan keke, sannan a nemi mahayi ɗaya a filin ƙwallon dawaki.

Wa zai yi? Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take zaune a Samaru, tana da sashen wasan kwaikwayo, da na zane-zane, da na aikin jarida, da na kimiyyar kwamfuta, da injiniyoyin lantarki, da tsangayar likitancin dabbobi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a gefe. Kowane sashe yana riƙe da yanki ɗaya na wannan aiki, amma kowa yana cikin ofishinsa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. A nan Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane da ta nace a kan a ɗauki dabarar Bature a yi aikin gida da ita, kuma har yau ana karanta tarihinsu. Macmillan ma da muka ambata ɗalibi ne da 'yan akwatunansa masu huda. Ina kira ga malaman waɗannan sassa su mayar da wannan ya zama aikin kammala karatu na haɗin gwiwa, su kuma buɗe ƙofa ga masu ɗaukar bidiyon unguwa su shigo su koya, ko da na kwana uku ne a lokacin hutu. Masarauta kuma, na tabbata idan aka je mata da tsari da ladabi, ba za ta rasa mahayi ɗaya da za ta ba da aro ba.

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya dawo da gwajinsa na farko. Ya tara yaran layinmu a gindin darbejiya, ya rataye ƙwallo da zare, ya ɗora mai tsaron gida a kan turmi kamar ya yi sufa. Ya goge zaren da turmin tsaf, har sai da dattijon nan ya gyara zaman tabarau. Matsala ɗaya aka samu. Ana tsakiyar ɗauka wata akuya ta ratso ta tsakanin 'yan wasan tana tuƙa, ba ruwanta da umarnin darakta. Ya ce Asabar mai zuwa zai sake, amma sai ya fara ɗaure akuyar.